Ɓerayen Kawunku Namata

Kun girma kuna jin ana cewa kawunku Namata ya yi ƙarya a takardunsa na jami'a, malamansa suka kama shi, shi ya sa bai kai inda ya nufa ba. Kun ji a bakin mata wurin biki, kun ji a bakin abokanku, kuma duk sadda aka ɗauko zancen a gabana kun ga na sunkuyar da kai. Kuka ɗauka kunyar ɗan'uwa ce take damuna. Ke Rabi har kin taɓa ce mini in daina sa abin a rai, ai ba ni na yi ba. To, ni na yi. Ina so ku karanta wannan har ƙarshe kafin ɗayanku ya zo mini da magana.

Namata ɗan kawuna ne, ƙanen mahaifiyarku Dije, don haka wasa biyu ke tsakaninmu, na taubasantaka da na ƙanen mata. Na girme shi da shekara goma sha biyu, amma tun bakinsa bai gama iya magana ba yake kirana "bawana", ni kuma da ya soma karatun likitan dabbobi na sa masa "likitan jakai". Ni a aji shida na bar lakwal, wato makarantar boko, shekarar da idon Baba ya mutu, gona ta koma hannuna. Shi kuwa ya wuce, daga Dogon Dutsi sai Dosso, daga Dosso sai Yamai. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma a lakwal ni nake zuwa na ɗaya, shi kuwa da kyar yake haurawa. Akwai kuma abin Inna. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunana ba har ta koma ga Allah, sai dai "wancan" ko "mai radiyo". Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne. Amma in ɗan ƙanenta ya shigo, sai ta cika baki ta ce "Namata!" har maƙwabta su ji. Ina da furfura a gemu, abin bai daina sukata ba.

Aikina kun san shi. Da shara na fara a wani ƙaramin asibiti da ba zan faɗi sunansa ba, har tsohon da ke ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji, hoton da muke ce wa radiyo, ya ga ina da kai ya jawo ni ɗakinsa. Injin yana da maɓallai biyu na murɗawa a bayan wani bango mai darma a ciki, ɗaya na ƙarfin hasken, ɗaya na yawansa. Tsohon bai bar mini littafi ba, hannu ya bar mini. In mutum ya tsaya, sai in dafa ƙirjinsa da bayansa, in ji kaurinsa tsakanin tafukana, in je in murɗa. Shekara ashirin da biyar ban cika maimaita hoto ba. Daga Matankari, daga Tibiri, har daga ƙetaren iyaka ana zuwa, ana cewa a kai mu wurin Gado, hotonsa baƙi ƙirin yake fita, ƙashi fari tas. Ba ni da dipulom, wato takardar shaidar karatu, wannan hannun shi ne dipulom ɗina, kuma shi kaɗai ne abin da nake da shi wanda Namata ba shi da shi.

Da hannun nan na ɗauki hoton mahaifiyarku. Bayan haihuwar Rabi da wata biyu ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya gagare ta a kwance. Da na fito da fim ɗin daga ruwan wanki na ɗaga shi, sai na ga zuciyarta ta cika ƙirjin kamar tulu. Ba ta yi sati uku ba. Tsofaffi suka ce doguwa ce ta shafe ta, likita ya ce ya sha ganin haka ga mata masu jego, yana zargin kunun kanwa da suke sha da zafin da suke kwana a kai, amma ba shi da tabbas. Ranar sadakar bakwai Namata ya roƙe ni fim ɗin, na ba shi.

Shekara goma sha huɗu bayan haka, wata ranar Jumma'a da rani, sai ga kabu-kabu ya sauke shi a ƙofar gida da kwali biyu masu huji-huji. Ya buɗe a tsakar gida, sai ga ɓerayen Masar goma sha biyu, farare da masu dabbare-dabbare, suna ta kuka ƙasa-ƙasa.

"Namata! Mi ne na wanga kuma?" in ji Inna. "Karatun naka ga kusu ya ƙare?"

"Gwaggo, baƙi na kawo miki. Shida za su sha kanwa, shida ruwa zalla."

"Haihuwa sun ka yi, da za a ba su kanwa?"

"A'a. So nike in gani ko kanwa na kumbura zuciya."

"Ni haihuwa tara na yi, kowace da kununa na kanwa. Ga ni zaune."

"Ke ai ƙarfe ce, Gwaggo. Yaya Dije fa?"

Inna ta ja zanenta ta share hanci. Daga nan ya juyo wajena.

"Bawana, tashi ka ɗauki kayan ubangijinka."

"Likitan jakai ya sauka kan ɓeraye," na ce. "Baɗi sai ƙwari."

Muka yi dariya, kuma Allah shaida, a ranar zuciyata ɗaya.

Da muka zauna ya yi mini bayani. Karatu mai zurfi ya koma yi, kuma wannan aikin ne zai kai wa malamansa. Yana so ya riƙa ɗaukar hoton zuciyar kowane ɓera duk sati biyu har wata shida, ya auna ko tana girma. Wuyar abin, in ji shi, dabbar ƙarama ce, zuciyarta ba ta fi ɗan aduwa ba. In aka yi ta zuba mata haske mai yawa sau da sau, hasken kansa yana iya taɓa zuciyar, a rasa gane ko shi ne ko kanwar. Don haka rabin aikin nasa shi ne ya gano mafi ƙanƙantar hasken da zai nuna zuciyar ɓera sarai. Ya zo da wani faranti da ke karɓar hoto ba fim ba ruwan wanki, ya aika shi cikin ordinater, wato kwamfuta, nan take. Injin ne ba shi da shi, kuma majo, shugaban asibitinmu, ya yarda mu yi amfani da namu ranar Lahadi da hantsi.

Ranar Lahadi ta farko majo da kansa ya zo kallo. Kafin mu fara, aka shigo da wata jaririya mai tari, uwarta daga ƙauye, ba a iya cewa ta dawo gobe. Na dafa ƙirjin yarinyar, na je na murɗa, na ɗauka. Namata yana tsaye a bayana, ya ga inda na tsayar da maɓallan. Da suka fita sai ya ce, cikin wasa, a gaban majo:

"Kai bawana, wanga wuta haka ga ɗiya 'yar wata huɗu? Gasa ta za ka yi?"

"Hoto bai fita ba?"

"Ya fita. Da rabin haka ma zai fita."

Majo ya dube shi, ya dube ni.

"Gado, ka saurari dokta. In an gama wanga aiki shi rubuta maka lambobin yara ka manna ga bango."

Ka manna ga bango. Shekara ashirin da biyar ba wanda ya taɓa ce mini in manna komai a bango. Namata ya riga ya manta ya faɗa, yana can yana yi wa ɓera allurar barci. Ni kuwa na koma wurin maɓallaina.

Ga yadda muka raba aikin. Shi ne ke sa rigar darma ya tsaya kusa da tebur, ya shimfiɗa ɓeran a kan faranti, ya ɗaure 'yan ƙafafunsa da zare mai laushi, ya zuba wa numfashinsa ido. Ni ina bayan bango wurin maɓallai. Ya faɗi lamba, in murɗa, in ce an yi. In ya ga ɓeran ya natsu ya ce "yanzu", in danna. Daga inda yake ba ya ganin hannuna. Lambar farko da ya faɗa ƙarama ce ƙwarai, ko yatsan jariri ban taɓa ɗauka da ita ba. Hoton ya fito kamar an watsa yashi a faranti. Na yi murna har cikin hanjina. Shi ko a jikinsa, ya rubuta a littafinsa, ya ce a ɗan ƙara kaɗan. Na biyu ma yashi. A na uku ya faɗi lambarsa, na ce an yi, amma ban tsaya nan ba. Na ci gaba da murɗa maɓallin yawan haske har inda hannuna ya gaya mini. Da fim ne da ya ƙone baƙi ya tona ni. Farantin nan kuwa ba ya ƙonewa, in ka ƙara masa sai dai ya ƙara kyau. Sai ga zuciyar ɓera a fuskar ordinater, ɓul, da gefenta kamar an zana da alƙalami.

"Allahu akbar!" in ji Namata. "Bawana, zo ka gani! Mun same ta!"

Ya rubuta lambar da ya faɗa, ya ja mata layi biyu.

Abin da na gaya wa kaina a lokacin shi ne wasa nake. Na ce zan bar shi ya yi murna sati biyu, ranar Lahadin da za mu sake ɗauka in kira majo, in ce dokta, ga lambarka, ga yashinta, ga tawa kuma, a yi dariya, a san wanda ya san injin. Taubashi ai yana yi wa taubashi fiye da haka. Amma Lahadi ta zo, majo bai zo ba, na ce sai ya zo. Wata Lahadin kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Wata kuma majo ya zo da baƙi biyu daga Dosso yana nuna musu hoton, yana cewa ɗan garinmu ne ya gano wannan, suna girgiza kai. Ba wanda ya waiwayi bayan bango. A nan ya kamata in yi magana, sai na ji wani abu ya fi maganar daɗi. Ina tsaye ina kallonsu ina cewa a raina, duk abin da kuke yabo nawa ne, kuma ran da na ga dama zan rushe shi. Na riƙe abin nan kamar yadda ake riƙe goro a kunci, ina tsotsa a hankali.

A gida kuwa wuta ake ƙara mini. Ɓerayen suna cikin tsohon akurkin kaji, an raba shi biyu, Inna da ta fara da tsaki ita ce ta koma mai yanko musu ciyawa. Ita ke jiƙa kanwar daidai yadda ya auna mata, ba ta yarda kowa ya taɓa. In Namata ya iso daga Yamai ranar Asabar, sai a yanka zabo. Ku kuma ku kewaye shi, yana nuna muku hotuna. Na ji ki da kunnena, Rabi, kina gaya wa ƙawarki cewa kawunki zai gano abin da ya kashe mamarki. Kina da gaskiyar faɗin haka. Amma ni da na ɗauki hoton zuciyarta, ni da na tallafe ta zaune dare da rana don ta samu numfashi, ni da na goya ki da madarar gwangwani, ba a ce ni zan gano komai ba. Wata rana Inna ta dube ni ina cin tuwo ta ce:

"Wancan, ka riƙa kula da abin da yaron ga ke yi. Ko yanzu kana iya koyon wani abu."

Na ce to. Washegari na murɗa maɓallin ya wuce na kullum.

Sau ɗaya na kusa faɗa. Ana saura sati biyu a gama, muna zaune a inuwar bayan asibiti yana cire rigar darma, rigarsa ta ciki sharkaf da gumi. Ya ciro fim ɗin Dije daga jakarsa, ya yi rawaya, gefensa ya cinye. Ashe duk shekarun nan yana yawo da shi.

"Ka san sunan wa na sa a shafin farko?" ya ce. "Na Yaya, sannan naka. Na rubuta Gado, wanda hannunsa ya ɗauki kowane hoto cikin wanga littafi."

Bakina ya buɗe. Sai na ji kaina ina cewa:

"A ƙasan naka dai, ko?"

"To a ina ake sa bawa?"

Ya yi dariya, na yi dariya, aka kira azahar.

Ya tafi Yamai da littafinsa. Abin da ya faru can daga baya na ji shi dalla-dalla. Ɗaya daga cikin malamansa ya ce lambar ta yi kyau da yawa, a gwada a gabansa. Aka kawo ɓera, aka sa lambar Namata a injinsu, hoto ya fito yashi. Aka sake, yashi. Malamin ya buɗe hotunan da Namata ya kawo, ya nuna masa wani ɗan rubutu a ciki da shi bai taɓa kula da shi ba, inda farantin da kansa yake ajiye yawan hasken da ya sauka a kansa. Kowane hoto ya nuna haske da ya fi abin da ke rubuce a littafin nesa ba kusa ba. Suka ce ko dai ya san haka ya ɓoye, ko kuma bai san aikinsa ba. Zancen kanwar ma ya faɗi tare da shi, domin ɓerayen sun sha hasken da aka ce kada su sha, ba mai iya rantsewa a kan abin da aka gani a zukatansu. Har yau ban san ko kanwa ce ta kashe mahaifiyarku ba, shi ma bai sani ba, kuma wata shida da za su iya ba mu ko da ɗan haske a kai, ni na lalata su.

Da ya dawo bai biya gida ba, wurina ya zo ɗakin radiyo. Ya rame, leɓensa ya bushe. Ya zagaya bayan bango, karo na farko, ya tsaya yana kallon maɓallan.

"Bawana, injin ga na yin ƙarya? Ka sa lamba kaza shi ba da wata?"

Kun ga yadda ya tambaya. Inji ya zarga, ƙarfe, bai zarge ni ba. Na dubi ƙasa na ce:

"Tsoho ne. Komi na iya faruwa."

Ya rubuta wa malamansa haka. Suka ce a aiko da wanda zai auna injin, kafin a aiko, injin ya mutu da kansa da damina, aka jefar da shi bayan sito. Na ji sanyi a raina ranar, wannan ma ku rubuta mini shi cikin laifuffukana. Malaman suka ba shi damar ya sake daga farko, amma farantin aro ne, an karɓe, kuma zuciyarsa ta karye. Ya koma Kore Mairuwa yana yi wa shanun Fulani allura. Maganar ta riga shi isowa gari, ta canza kama a hanya, ta zama wai hotunan ma sayo su ya yi. Inna ta raba ɓerayen ga yaran unguwa, ba ta ƙara cika baki da sunansa ba. Abin da na yi shekaru ina so ke nan, ya zo, na rasa inda zan sa shi. Da aka kawo sabon inji tare da wata yarinya mai dipulom, na ga lambar da take ɗaukar jarirai da ita. Ba ta kai rabin tawa ba, kuma hoton yana fita.

Sai bayan rasuwar Inna na iya. Na rubuta duk abin da na yi a takarda, da hannuna, na sa hannu, na hau mota ranar kasuwar Kore Mairuwa. Na same shi a kasuwar dabbobi ya durƙusa yana duba kofaton wani bijimi. Yana ganina ya washe baki.

"Jama'a, ku ba da hanya, ga bawana ya biyo ubangijinsa! Yunwa ta koro ka?"

Na ja shi gefe, gindin wata bishiyar bedi, na miƙa masa takardar. Ya karanta a tsaye. Ya koma farko ya sake karantawa. Ina jiran ya zage ni, ko ya mare ni, na ma shirya kuncina. Ya ninke takardar sau huɗu ya sa a aljihu.

"Tun hoto na uku?"

"Tun na uku."

"Ina tsaye gaban injin, kana ƙarawa."

"I."

"Don mi?"

Na ce masa don lambobin bango, don zabon Inna, don lakwal. Da na ji su a bakina sai na ji ƙanƙantarsu. Na ce ya kai takardar Yamai, ko in bi shi in faɗa da bakina. Ya ce malamin ya bar aiki, sauran ba su ma tuna da shi ba. Can ya miƙo mini hannu biyu, ya ɗan rusuna, kamar yadda ake yi wa baƙon dattijo.

"Na gode da ka hwaɗa mini, Malam Gado. Allah shi kai ka gida lahiya."

Tun da aka haife shi bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar.

Bai tona ni ba, ko ku bai gaya wa ba, shi ya sa nake gaya muku. In kuka ji an sake cewa kawunku ya yi ƙarya, ku ce ubanku ne ya yi, ku faɗa da ƙarfi, ku nuna wannan shafi ga duk mai so. Yana zuwa gidan nan kowace salla saboda ku, kun gani, kuna ma cewa kawu ya girma ya daina wasa. Yana cire takalmi a zaure, ya tambaye ni jiki, ya tambaye ni gona, ya ce Malam Gado a farko, ya ce Malam Gado a ƙarshe. Shekara huɗu ke nan. Sallar bara na sa tsohuwar rigata mai yagaggen aljihu da gangan, na zauna inda zai gan ta sosai, irin rigar da a da sai ya tara mini jama'a a kanta. Ya dube ta, na ga ya gani. Ya ce, "Allah ya maimaita mana," ya tashi ya sa takalminsa.